Masana'antu sun rufe, baƙi sun zo da kuɗi: me ya sa mazauna unguwa ke kuka?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Akwai unguwannin da a da masana'antu ne suka riƙe su. Daga baya masana'antun suka rufe, aiki ya ƙare, gine-gine suka zama kufai. Sai 'yan yawon buɗe ido suka gano wurin, aka gyara tituna, aka buɗe otal-otal da gidajen abinci. Ni a ganina ai ci gaba ne ya zo. To me ya sa mazauna irin waɗannan unguwanni suke fitowa zanga-zanga suna cewa an cuce su?"

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma mahukuntan birane da yawa haka suke kallon abin. Sai dai akwai wani zato da ke ƙarƙashinta wanda ya kamata mu fara cirewa, wato zaton cewa ranar da masana'anta ta rufe, unguwar ma ta mutu. Masana'antar ce ta tsaya, mutane suna nan. Tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suna nan a gidajen da suka yi shekara talatin ko arba'in suna haya. 'Ya'yansu da ba su sami hanyar fita ba suna nan. Baƙin haure da suka zo neman ɗaki mai araha sun shigo sun cike gurbin waɗanda suka tashi. A cikin tsofaffin sito-sito kuwa, kafintoci da masu walda da makanikai da masu ɗab'i sun raba wuri suna neman abincinsu, domin babu inda za su sami fili mai faɗi da sauƙin haya kusa da tsakiyar birni sai nan. Araha ita ce ta riƙe duk waɗannan mutane, kuma arahar ce abu na farko da yawon buɗe ido ke kawarwa.

Ba sabon abu ba ne masu hannu da shuni su shigo unguwar talakawa har su ture su. Ruth Glass, wata masaniyar zamantakewa, ta bayyana shi a rubuce tun 1964, lokacin da ta ga yadda gidajen ma'aikata a Landan ke komawa hannun masu kuɗi ɗaya bayan ɗaya. A 1979 kuma wani masani, Neil Smith, ya kawo bayanin da har gobe nake ganin ya fi kowanne kama gaskiya. Cewa ya yi kowane fili yana da kuɗi iri biyu: abin da yake kawowa yanzu, da abin da zai iya kawowa in aka sauya abin da ake yi a kansa. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin biyun ta yi faɗi, jari zai biyo ta. Babu inda wannan tazara ta kai faɗin da take yi a tsohuwar unguwar masana'antu. Da ma an gina masana'antu ne a bakin ruwa ko gefen layin dogo, dab da tsakiyar gari, don sauƙin jigilar kaya. Filayen manya ne, kuma galibi mai su ɗaya ne, kamfani ko hukumar tashar jiragen ruwa ko gwamnati, saboda haka mai jari ba sai ya bi magada ɗari yana lallashi ba. Abin da kawai ke danne farashin shi ne dokar da ta ce wurin na masana'antu ne. Ranar da majalisar birni ta sauya wannan doka ta halatta otal da ofis da gidajen alfarma, farashin fili yana iya ninkawa tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Dubi Poblenou a Basalona, unguwar da masaƙu suka yi wa yawa har aka riƙa kwatanta ta da Manchester, birnin masaƙun Ingila. Don wasannin Olympics na 1992 aka share yankin Icària da ke bakin teku, aka gina masaukin 'yan wasa, aka buɗe gaɓar teku da a da layin dogo da masana'antu suka tare. A 2000 aka amince da shirin 22@, wanda ya sauya dokar amfani da fili kusan hekta 200. Ofisoshi suka biyo, otal-otal suka biyo, baƙi suka biyo. Duk wanda ya san yadda bakin tekun nan yake a da ba zai ce ba a yi gyara ba. Rigimar tana kan wanda aka yi wa gyaran.

A nan yawon buɗe ido ya sha bamban da irin turewar da Glass ta gani. A waccan, likita ko lauya ne yake sayen gidan da leburan tashar jirgi ya bari. An yi rashin adalci, amma aƙalla wanda ya shigo mazauni ne: zai sa yaransa a makaranta, zai nemi kantin magani, zai yi ƙorafi in ba a kwashe shara ba. Gidan da aka mayar masaukin baƙi kuwa ba wanda ya shigo cikinsa. Mutum zai kwana uku ya tafi, wani ya zo. Wani masanin zamantakewa, Kevin Fox Gotham, ya yi nazarin wannan a 2005 a tsohuwar unguwar Faransawa ta New Orleans, shekaru uku kafin a kafa Airbnb, manhajar da masu gida ke ba baƙi hayar kwana ta cikinta, amma irin waɗannan manhajoji ne suka mayar da abin ruwan dare, domin sun ba kowane mai gida damar zama mai otal ba tare da ya gina otal ba. Lissafin da ke kan mai gida mai sauƙi ne. A ce kwana ɗaya na baƙo yana kawo kashi ɗaya cikin goma na hayar wata. Da ya samu kwana goma ya mayar da abin da ɗan haya zai biya, sauran kwanakin riba ce bayan an cire kuɗin shara da wanki. Kuma baƙo ba shi da haƙƙin da doka ta ba ɗan haya, ba a zuwa kotu don a fitar da shi. Ba sai mai gida ya zama mugu ba kafin ya zaɓi wannan hanya.

Mene ne girman tasirin a kan haya? Gara a faɗi gaskiya, domin ɓangarorin biyu suna ƙari. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2020 a kan Basalona ya gano cewa hayar kwana ta Airbnb ta ɗaga kuɗin haya da kusan kashi 1.9 cikin ɗari a matsakaiciyar unguwa, amma a unguwannin da masaukan suka fi cunkushewa ƙarin ya kai kusan kashi 7. Wanda ya kalli birni gaba ɗaya zai ce abin bai taka kara ya karya ba. Wanda ke zaune a titin da baƙi suka fi so zai ce an kashe shi. Dukansu ba su yi ƙarya ba, domin ciwon ba a raba shi daidai, taruwa yake yi a tituna kaɗan, kuma a kan mutanen da rabin abin da suke samu da ma haya ke cinyewa. Kashi 7 a wurin ɗan fansho shi ne bambancin zama da tashi.

Waɗanda ake fara turewa, kuma ba a cika maganarsu ba, su ne masu ƙananan sana'o'i. Hayar shago ko gareji ba ta da kariyar da hayar gida ke da ita a yawancin ƙasashe. Wa'adi yana cika a ce maka ba za a sabunta ba, shi ke nan. A Can Ricart, wata tsohuwar masana'antar rini da buga yadi a Poblenou, ƙananan masana'antu da masu zane-zane da dama ne ke aiki har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka tashe su duk da doguwar gwagwarmayar da mazauna suka yi. A New York, unguwar mahauta da ke gefen kogin Hudson tana da mayanka da wuraren sarrafa nama kusan 250 a farkon ƙarni na 20. Yau sunan ne ya rage, sai shagunan tufafi masu tsada da otal-otal. Mai walda da aka tasa ba unguwa ta gaba yake komawa ba, don can ma doka ba ta yarda da ƙarar injinsa ba. Bayan gari yake tafiya, in yana da ƙarfin ƙaura, in ba shi da shi ya rufe. Yaran unguwa da ke koyon aiki a hannunsa sun rasa wurin koyo, kuma ba wani rahoto da zai ƙirga su a cikin waɗanda aka tura.

Yanzu bari mu shiga cikin gida, domin a nan ne alƙaluma ke gazawa. Ɗauki bene mai gidaje takwas, biyar sun zama masaukin baƙi. Wata dattijuwa da ta yi aikin masaƙa tana hawa na uku, kuma hayarta tana da kariya, ba wanda ya ba ta notis. A ƙofar shiga, inda a da sunayen maƙwabta suke, yanzu ƙananan akwatunan makulli ne masu lamba a jere. Tun asuba ƙarar tayoyin akwati ke tashinta. Ƙarfe biyu na dare wani ya danna ƙararrawarta don ya manta lambar ƙofa. Maƙwabciyar da ke riƙe mata makulli, wadda in ta ga labule bai buɗe ba har hantsi take zuwa ta ƙwanƙwasa, ta koma wajen ɗanta a bayan gari. Kantin da take sayen kayan miya ya zama wurin hayar keke, shagon mai gyaran takalmi ya zama mashaya. A taron masu ginin, kamfanin da ya sayi gidaje biyar shi ke da rinjaye, kuma ya fi damuwa da fentin zaure a kan gyaran matakalar da take hawa da sanda. Bayan shekara biyu ta tattara ta tafi da ƙafarta. A takarda, ba a kore ta ba.

Peter Marcuse, masanin tsara birane, ya rarrabe waɗannan abubuwa tun 1985, kuma rarrabewar tana da amfani ga duk mai son fahimta. Akwai kora kai tsaye, ta notis ko ƙarin haya ko gallazawa. Akwai matsin da ke sa mutum ya tashi da kansa don duk abin da ya riƙe shi ya watse, irin na dattijuwar nan. Akwai kuma toshe ƙofa: gidan da talaka ya bari, wani talakan ba zai iya shiga ba. Wannan na ukun shi ne mafi yawa kuma mafi ɓoyuwa. Saurayin da aka haifa a unguwa ya tashi yin aure, ya duba ko'ina babu ɗakin da aljihunsa zai ɗauka, ya yi nisa da iyayensa. Shi ma ba ya cikin lissafi. Shi ya sa in hukuma ta ce maka ta bincika ta ga mutum kaɗan aka kora, ka tambaye ta wa ta tambaya. Waɗanda suka rage ake samu a gida, wanda ya tafi ba ya nan balle ya ba da amsa.

Irin wannan matsi ne ya fito da mutanen Barceloneta da ke Basalona kan titi a watan Agustan 2014. Unguwa ce ta masunta da ma'aikatan tashar jirgi da na ƙere-ƙere, gidajenta ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su wuce murabba'in mita 30 ba. Ƙanƙantar da ta sa talaka ya iya biya ita ce ta dace da baƙo biyu masu son kwana kusa da teku.

Wani lokaci kuma korar ta fili ce. Woodstock a Cape Town unguwa ce ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki, kuma tana cikin wurare kaɗan kusa da tsakiyar birnin da suka tsira daga tashin da gwamnatin wariyar launin fata ta yi wa mutane, irin wanda ya shafe unguwar District Six bayan 1966. Masana'antun tufafi suka durƙushe daga shekarun 1990. Aka mayar da wata tsohuwar masana'antar biskit kasuwar shaƙatawa, Old Biscuit Mill, wadda baƙi ke cika duk ƙarshen mako. Taku kaɗan daga nan, a titin Bromwell, wani kamfanin gine-gine ya sayi jerin gidaje, kotu ta ba da umarnin fitar da iyalan da wasunsu a nan aka haife su. Matsugunin gaggawar da hukumar birni ta fara nuna musu shi ne Wolwerivier, kusan kilomita 30 daga gari, nesa da aiki da makaranta da asibiti. Suka ƙi, suka shiga kotu. Sai a Disambar 2024 Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta yanke hukuncin da ya goyi bayansu, ta ce rashin tanadin matsugunin gaggawa a cikin gari ya saɓa wa tsarin mulki. Ka lura, shekaru fiye da takwas suka yi ba su san inda za su kwana baɗi ba. Wannan zaman ɗar-ɗar ɗin shi kansa cuta ne, yana taɓa hawan jinin babba da karatun yaro. Abin da ya fi ci mini rai a labarin Woodstock shi ne mutanen da dokar wariya ba ta iya tasa ba, kasuwa ta zo tana tashinsu.

To su wa ke amfana? Akwai su, kuma ba duka baƙi ba ne. Mazaunin da ya mallaki gidansa ya wayi gari da dukiyar da bai taɓa mafarki ba. In ya sayar ya tafi, ya ci riba. In yana son zama kuwa, dukiyar a takarda take, kuma a ƙasashen da ake ɗora harajin gida bisa darajarsa, kamar Amurka, harajin yana hawa alhali fanshonsa yana nan inda yake. Wannan yana raba kan unguwa gida biyu, masu gida da 'yan haya, mutanen da a da ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke. Masu jari sun san haka sarai.

Batun aiki ma haka. Gaskiya ne otal da gidan abinci suna ɗaukar ma'aikata, kuma ba zan raina aikin da ke ciyar da iyali ba. Amma a kwatanta abin da aka rasa da abin da aka samu. Aikin masana'anta, duk wahalarsa da hayaƙinsa, yana da albashi tsayayye da ƙungiya da fansho. Aikin yawon buɗe ido yawancinsa na lokaci ne, yana ƙaruwa da bazara ya ragu da hunturu, kuma sau da yawa ta hannun ɗan kwangila ake ɗauka. A Sifaniya, matan da ke share ɗakunan otal sun kafa ƙungiyarsu, Las Kellys, a 2016, saboda yawan ɗakunan da ake ɗora musu da ƙarancin abin da ake biya ta hannun kamfanonin kwangila. Da yawa daga masu irin wannan aiki ba sa iya zama a unguwar da suke yi wa hidima, jirgin ƙasa suke shiga da sassafe daga bayan gari.

Labarin High Line a New York ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Layin dogo ne na sama da ke kai kaya masana'antu da sito-sito, jirgin ƙarshe ya bi ta kansa a 1980. Mazauna yankin ne suka hana a rushe shi, aka mayar da shi lambun shaƙatawa, aka buɗe sashen farko a 2009. Kafin annobar korona, mutum kusan miliyan 8 ke ziyartarsa a shekara. An riga an sauya dokar filayen da ke gefensa tun 2005, saboda haka dogayen gidajen alfarma suka tashi dama da hagu. Mazauna rukunin gidajen gwamnati biyu da ke kusa ba a kore su ba, don hayarsu tana da kariya, amma shagunan da suke iya saye a ciki sun ɓace, kuma da yawansu ba sa jin lambun nasu ne. Robert Hammond, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka faro aikin, ya amsa da bakinsa a 2017 cewa don unguwa suka yi niyyar yi, amma a wannan fanni sun gaza.

Kada kuma a ɗauka cewa duk inda baƙi suka zo sai an turi talaka. A yankin Ruhr na Jamus, mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Essen ta rufe a 1986, aka adana ta, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, jama'a na tururuwa zuwa kallo. Unguwannin da ke kewaye da ita ba su zama na masu kuɗi ba, har yanzu arewacin Essen ya fi kudancinsa talauci. Dalili shi ne yankin ya daɗe yana rasa mutane, gidaje ba su yi ƙaranci irin na Basalona ba, kuma baƙin kallo suke yi su koma. Ba a kori kowa ba, amma arzikin ma bai tsallaka katanga sosai ba. Birnin Bilbao na Sifaniya kuwa, da kowa ke ambaton gidan tarihin Guggenheim na 1997, ba gini ɗaya ne ya farfaɗo da ita ba: an tsabtace kogi, an buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995, an zuba kuɗin gwamnati na shekaru. Biranen da suka kwaikwayi ginin kaɗai da yawa ba su ga abin da suka sa rai ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, baƙo ba ya iya tura kowa sai doka ta buɗe masa ƙofa. Lisbon ta nuna haka ƙarara. A unguwar Alcântara, harabar da wani kamfanin saƙa ya kafa a 1846 ta koma LX Factory a 2008, wurin shaguna da gidajen abinci da baƙi ke so. Amma abin da ya girgiza 'yan haya a birnin ya zo ne a 2012, lokacin da Fotugal ke cikin matsin bashi: aka sassauta dokar haya ta yadda tsofaffin yarjejeniyoyi masu araha za su iya ƙarewa, a shekarar kuma aka fara ba baƙi takardar zama in sun sayi gida mai tsada. A 2014 aka sauƙaƙa rajistar masaukin baƙi. Tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021, gundumomin tsohon gari biyu, Santa Maria Maior da Misericórdia, kowacce ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mazaunanta. Mai yawon buɗe ido da ke jan akwatinsa shi ake gani, shi ya sa shi ake yi wa ihu. Waɗanda suka yanke shawarar suna majalisa.

Birane sun farga, amma a makare. Berlin ta hana mayar da gidan zama masauki ba tare da izini ba tun 2014. Amsterdam ta taƙaita hayar gida ga baƙi zuwa kwana 30 a shekara daga 2019. New York ta fara aiki da doka a Satumbar 2023 wadda ta wajabta rajista, ta kuma ce in hayar ba ta kai kwana 30 ba dole mai gida ya kasance a ciki. A Yunin 2024 magajin garin Basalona, Jaume Collboni, ya sanar cewa lasisin masaukai kusan 10,000 ba za a sabunta su ba bayan Nuwambar 2028. Ina goyon bayan waɗannan matakai, amma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. A New York tallan hayar kwana ya ragu ƙwarai, haya kuwa ba ta sauko yadda aka yi fata ba, domin ƙarancin gidaje ya girmi Airbnb. A Basalona masu gida da yawa sun koma hayar watanni, wadda ta fi ƙarfin dokar baƙi kuma ba ta kai hayar zama ba, suna ba ɗaliban waje da masu aiki ta intanet. Kuma ko da doka ta yi aiki, ba ta dawo da dattijuwar da ta tafi ko garejin da aka rufe.

Abin da na ga ya riƙe mutane a wurinsu shi ne mallakar ƙasa, kuma tun kafin farashi ya tashi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A kudancin kogin Thames a Landan, inda a da sito-sito da matsayar jiragen ruwa suke, masu jari sun so gina jerin ofisoshi da otal a Coin Street. Mazauna suka yi shekaru suna ja da su, har a 1984 majalisar babban birnin Landan ta sayi filin, eka 13, ta sayar wa ƙungiyar mazauna a kan fam miliyan ɗaya. Suka gina gidaje fiye da 200 na ƙungiyoyin gama kai. A 2000 aka buɗe gidan zane-zane na Tate Modern a tsohuwar tashar lantarki ta Bankside, aka buɗe babban lilon kallon birni na London Eye, gaɓar kogin ta zama ɗaya daga wuraren da baƙi suka fi cika a Turai. Mazauna Coin Street suna nan. A ginin Oxo Tower ma, gidan abinci mai tsada yana can sama, shagunan masu sana'ar hannu suna ƙasa, iyalai masu ƙaramin ƙarfi suna tsakiya, kuma kuɗin hayar kasuwancin yana komawa ga ayyukan unguwa. Baƙi sun zo kamar yadda suka zo ko'ina, amma a nan kuɗinsu ya shiga hannun mazauna don su ne masu fili.

Basalona ma tana da nata. A unguwar La Bordeta, mazauna sun gaji da jiran alkawarin da aka yi musu tun shekarun 1970 game da tsohuwar masaƙar Can Batlló. Suka sa wa hukuma wa'adi, ranar 11 ga Yunin 2011 suka shiga harabar, aka miƙa musu gini guda, suka fara da ɗakin karatu. A gefen wurin, ƙungiyar gama kai ta La Borda ta gina gidaje 28 a kan filin hukumar birni da aka ba ta na shekara 75, aka tare a 2018. Ba wanda zai iya sayar da gidansa a kasuwa ko ya mayar da shi masaukin baƙi. Gida 28 kaɗan ne a birni mai mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, na sani, kuma ba kowace unguwa ce ke da hukumar da za ta saurara ba. Duk da haka hanya ce da aka gwada ta tsaya.

In kana zaune a irin wannan unguwa, Malam, ko kana da 'yan'uwa a ciki, lokacin da muryar mazauna ke da nauyi shi ne lokacin da ake shirin sauya dokar amfani da fili, domin a ranar ce hukuma ke da abin da mai jari ke nema, kuma tana iya gindaya sharaɗi. A nan ake neman a ware kaso na sabbin gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi, kamar kashi 30 da Basalona ta wajabta wa manyan gine-gine a 2018, a kuma bar wani sashe a matsayin wurin sana'a da haya mai sauƙi don kafinta da makanike su zauna. A nan ake neman a sa iyaka ga yawan masaukai titi-titi, ba a dunƙule birni gaba ɗaya ba, tunda mun ga ciwon taruwa yake yi. In filin masana'antar na gwamnati ne, a dage kada a sayar, a ba da shi haya mai tsawo da sharuɗɗa a rubuce. Kuma tun yau mazauna su fara rubuta wa ke zaune a kowane gida, shekara nawa ya yi, nawa yake biya, wace yarjejeniya ke hannunsa, masu gida da 'yan haya da masu gareji a takarda ɗaya. Bayan shekara biyar, in hukuma ta ce ba wanda ya tashi, wannan rajistar ce za a ajiye mata a kan tebur.